Tarihin Yankan Murya da Haɗa Ta, Daga Reza Zuwa Manhajar Kyauta

Duk malamin da ke koyar da waƙar baka ko nazarin harshe a yau, da wuya a ce ɗalibi bai taɓa kawo masa aiki tare da muryar da ya ɗauko ba: ko hira da wani dattijo, ko waƙar wani makaɗi, ko tatsuniya daga bakin wata tsohuwa. Muryar takan zo tas, ba tari, ba kukan akuya, ba inda-inda. Dalili kuwa shi ne ɗalibin ya sa ta a kwamfuta ya tace ta da manhajar kyauta, galibi wadda ake kira Audacity, kana ya kawo. Malam ya saurara, ya ji daɗi, ya ba da maki. Amma akwai tambaya guda wadda ba safai ake yin ta ba, watau abin da aka cire ina yake, kuma wa ya san an cire shi?

Nufin wannan takarda shi ne ta bi sawun sana'ar yankan murya da haɗa ta tun daga tushe. Za mu ga cewa a da aikin nan mai wuya ne, yana hannun mutane kaɗan, kuma yakan bar tabo wanda ido ke gani. Yau ya zama mai sauƙi, yana hannun kowa, ba ya barin tabo. Saboda haka amanar da na'ura ke riƙewa a da ta dawo wuyan mai nazari.

Zamanin da murya ba ta yankuwa

A shekarar 1877 ne Thomas Edison ya ƙera na'urar farko mai ɗaukar magana ta kuma mayar da ita, a ƙasar Amurka. Allura ce ke karce jikin wani gwangwani mai juyawa gwargwadon kaɗawar murya. Ba a daɗe ba aka koma yin gwangwanin da kaki, a 1887 kuma Emile Berliner ya fito da faifan garmaho. Masana suka ga amfanin abin nan da nan. A 1890 Jesse Walter Fewkes ya ɗauki waƙoƙi da labarun kabilar Passamaquoddy a jihar Maine. Aka buɗe taskar adana muryoyi a Biyana a 1899, aka buɗe wata a Barlin a 1900. Tsakanin 1909 da 1915 wani ma'aikacin gwamnatin Ingila, Northcote Thomas, ya ɗauki ɗaruruwan muryoyi a kan kaki a kudancin Nijeriya da Saliyo.

To, abin lura a nan shi ne tsagin da allura ta yi a jikin kaki ba ya yankuwa. In mawaƙi ya yi kuskure, sai dai a kankare kakin a sake daga farko, ko a bar kuskuren. Mai karatu zai ce ashe muryoyin wannan zamani su ne na gaskiya tsantsa. Amma ba haka abin yake ba, gama gwangwanin kaki minti 2 yake ɗauka, daga baya aka sami mai minti 4, faifan garmaho mai faɗin inci 10 kuwa kimanin minti 3 ne a kowane gefe. Makaɗin fada wanda ya saba jan waƙa har sai ya bi iyaye da kakannin ubangidansa kaf, in an kai shi gaban na'ura tilas ya taƙaita. Watau yanka na farko a bakin mawaƙi aka yi shi, tun kafin allura ta taɓa faifai. Wanda duk zai auna tsawon waƙa ko yawan ɗiyanta daga tsohon faifan garmaho, lalle ya tuna cewa mudun faifai ne ya auna masa.

Kafin wannan ma, waƙoƙin Hausa da suka fara shiga ɗab'i, kamar waɗanda Charles Robinson ya buga a 1896 da waɗanda Rudolf Prietze ya buga a 1904, da alƙalami aka kama su. Alƙalami kuwa yakan ɗauki kalma ya bar kiɗa da karin murya a baya.

Zamanin reza

A 1898 Valdemar Poulsen, mutumin Denmak, ya nuna ana iya ajiye murya a jikin siririyar wayar ƙarfe ta hanyar maganaɗisu. A 1928 Fritz Pfleumer a Jamus ya shafa garin ƙarfe a jikin doguwar takarda, kamfanin AEG kuma ya nuna na'urar da ya kira Magnetophon a Barlin a 1935. Wannan shi ne asalin tef, watau zare mai faɗin kimanin rubu'in inci wanda ake naɗewa a ƙwarƙwaro. Cikin shekarun Yaƙin Duniya na Biyu injiniyoyin rediyon Jamus suka kyautata shi har ya zama mai sauraro ba ya iya bambanta shi da magana ta kai tsaye.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, wani sojan Amurka mai suna Jack Mullin ya aika da irin wannan na'ura guda 2 gida. Mawaƙin nan Bing Crosby, wanda ya gaji da yin shirinsa na rediyo kai tsaye, ya ɗauke shi aiki, a 1947 aka fara watsa shirin da aka ɗauka a tef aka yanyanka aka haɗa. Crosby ya zuba kuɗi a kamfanin Ampex, wanda ya fito da tasa na'urar a 1948.

Ga yadda ake aikin. Ma'aikaci yakan juya ƙwarƙwaron da hannu, gaba da baya, yana saurare, har ya sami daidai inda kalma ta fara. Sai ya yi alama da fensir mai maiƙo, ya kwantar da zaren a wani ƙarfe mai tsagi, ya yanka da reza a karkace don kada a ji ƙara wajen haɗin. Ya yanka ɗaya gefen, ya cire abin da ke tsakani, ya liƙe bakunan biyu. A gidajen rediyo zaren yakan gudu inci 15 ko 7 da rabi cikin daƙiƙa guda. A bisa gudun inci 15, kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya zama inci ɗaya da rabi na zare, abin da mutum zai riƙe da yatsa biyu. Masu nazarin Hausa sun san abin da ɗan wannan lokaci ke iya yi. Garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi, tsawon wasalin farko kaɗai ya raba su. Haka kuma in dattijo ya ce “kada ku tafi”, aka sa reza aka cire kalmar farko, ya zama ya ce “ku tafi”, da muryarsa, ba a ƙara masa ko harafi ba.

Tun ran gini tun ran zane. Mullin da kansa ya ba da labarin yadda suka ajiye dariyar da jama'a suka yi a wani shiri, suka liƙa ta a wani shirin dabam inda ba a yi dariya sosai ba. Ta haka mai sauraro ya fara jin abin da bai taɓa faruwa ba.

Haɗa muryoyi daban-daban shi ma a wannan zamani ya bunƙasa. Makaɗin jita Les Paul ya riƙa ɗora kiɗa a kan kiɗa, a 1957 kuma Ampex ya ƙera masa na'ura mai layi 8, yadda kowane kayan kiɗa zai sami layinsa, a ɗaga wannan a rage wancan bayan makaɗa sun watse. Gardama ta tashi a kan ko wannan ha'inci ne. Glenn Gould, makaɗin fiyano na ƙasar Kanada, ya daina wasa gaban jama'a a 1964, ya tsaya a kan cewa kiɗan da aka harhaɗa daga ɗauka da yawa ya fi kusa da abin da makaɗi ke nufi. Ga mai fasaha wannan hujja ce mai ƙarfi. Ga mai neman shaida kuwa ba ta da amfani, domin shi abin da ya faru yake nema.

Sa'ar da aka yi ita ce tef yana tona asirin wanda ya taɓa shi. Wurin da aka yanka yakan nuna liƙi, wurin da aka goge yakan bar alamar maganaɗisu. A 1973 aka gano giɓin minti 18 da rabi a cikin wata hira da aka ɗauka a ofishin shugaban Amurka Richard Nixon ran 20 ga Yuni 1972. Kotu ta naɗa masana 6, suka duba jikin zaren, suka ba da rahoto a 1974 cewa an goge wurin aƙalla sau 5. Ba su iya dawo da maganar ba, amma sun tabbatar hannu ya shiga.

Shigowar tef ƙasar Hausa

Abin da ya fitar da tef daga ɗakin rediyo zuwa ƙauye shi ne ƙaramar rikoda mai batir. Stefan Kudelski ya ƙera Nagra a Suwizalan a 1951, samfurinta na uku ya fito a 1958, kamfanin Uher na Jamus kuma ya fito da tasa mai rataya a kafaɗa a 1961. Wannan ya zo daidai da buɗe sashen Hausa na BBC a 1957, da Rediyon Nijar a 1958, da gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962. David Ames ya ɗauki kiɗe-kiɗe a ƙasar Zazzau cikin 1963 da 1964, Anthony King ya yi nazarin kiɗan fadar Katsina, su biyun suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. A Yamai aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a 1968, a Kano kuma cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta tara waƙoƙin baka masu yawa.

Ya kamata a rarrabe tsakanin ɗauka iri biyu na wannan zamani. Mai bincike yakan bar zare ya yi ta gudu, har da kirarin sanƙira da guɗar mata. Ma'aikacin rediyo kuwa yana da mintocin da aka yanka wa shirinsa, tilas ya datse waƙa ta shiga. Ga shi kuma tef yana da tsada, gidajen rediyo da yawa a duniya sun riƙa goge tsohon shiri su ɗora sabo. Saboda haka sau da yawa datsattsiyar waƙa ce ta rayu, cikakkiyar ta tafi.

Kamfanin Philips na Holan ya fito da kaset a 1963, cikin shekarun 1970 kuma ya game kasuwannin ƙasar Hausa. Da rikoda biyu, ko guda mai baki biyu, kowa ya zama mai yanka: ya danna ya tsayar, ya saki ya ci gaba. Kaset mai minti 60 yana da minti 30 a kowane gefe, in waƙa ba ta ƙare ba zare ya ƙare, to nan ta tsaya. Kowane juyi kuma yakan ƙara shuu ya rage kaifin murya, har kwafe na biyar ko na shida ya zama kamar ana waƙa a cikin tulu. Brian Larkin ya yi bayanin wannan ciniki na Ƙofar Wambai a Kano cikin littafinsa na 2008. Da yawa daga waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ta wannan hanya suka iso hannun ɗalibai, ba sunan wanda ya ɗauka, ba wuri, ba shekara.

Da sauti ya zama lissafi

Kwamfuta ba ta ajiye sauti yadda faifan garmaho ko tef ke ajiye shi. Auna ƙarfin kaɗawar iska take yi, ta rubuta lamba. A faifan CD, wanda ya fito a 1982, ana yin wannan awo sau 44,100 cikin daƙiƙa guda, kowane awo kuma yana faɗawa ɗaya daga matakai 65,536. Minti guda na irin wannan sauti, in na lasifika biyu ne, yakan ci kimanin megabayit 10. Tun da lambobi ne, kwafe na dubu daidai yake da na farko, kuma cire wani yanki bai wuce share jerin lambobi ba.

Da fari abin na masu hali ne. Kamfanin Digidesign ya fito da Sound Tools a 1989, ya bi shi da Pro Tools a 1991, wanda farashinsa ya kai wajen dala 6,000, ban da kuɗin kwamfutar. Amma tun 1983 Richard Stallman ya fara wani yunƙuri a Amurka na rubuta manhajoji waɗanda kowa ke da 'yancin amfani da su, da duba yadda aka gina su, da gyara su, da raba wa wasu. A 1989 ya fitar da lasisin GPL wanda ke tsare wannan 'yanci.

A ƙarƙashin wannan lasisi aka haifi Audacity. Dominic Mazzoni, yana ɗalibi a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh, shi da malaminsa Roger Dannenberg suka fara ta a 1999, aka sake ta ga jama'a ran 28 ga Mayu 2000. Masu sa kai daga ƙasashe dabam-dabam suka yi ta ƙara mata gini. Abin da ta yi shi ne ta ɗauko aikin reza da na teburin haɗa sauti ta ajiye su a fuskar kwamfutar gida. Murya takan bayyana kamar zane mai tudu da kwari. Mutum ya zaɓi yankin da yake so, ya yanke, ko ya kwafa, ko ya matsar da shi, in ya yi kuskure ya koma baya. Yana iya jera layi bisa layi, ya ɗaga murya ya kwantar da kiɗa, ya sa ƙarshen wani yanki ya narke cikin farkon wani har kunne ya kasa jin gaɓar. Yana iya nuna wa manhajar wurin da ba kowa ke magana ba, ta koyi irin shuu ɗin da ke ciki, ta bi muryar duka ta rage shi. Ga masu nazarin furuci kuma akwai Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka rubuta a Jami'ar Amstadam, ita ma kyauta, mai zana hawa da saukar murya da auna tsawon wasali.

A 2021 kamfanin Muse Group ya karɓi ragamar Audacity. Da aka ba da shawarar sa mata hanyar aika wa kamfanin labarin yadda ake amfani da ita, jama'a suka yi ca, kamfanin ya janye shawarar yadda ya kawo ta da fari, wasu kuma suka ɗauki ginin suka ci gaba da nasu reshe mai suna Tenacity. Wannan ya nuna amfanin manhajar da cikinta ke buɗe. A wannan shekara ce kuma aka gyara ta yadda in an datse bakin wani yanki ba ya ɓacewa, ɓoyewa yake yi. Amma fa da zarar an fitar da aikin ya zama fayil guda don a ba wani, duk layukan sun narke wuri ɗaya, ba liƙi, ba tabo.

Abin da ya rage a wuyan malamai

Ba wanda zai yi musun alherin wannan ci gaba. Malamin kwalejin horon malamai yana iya ciro ɗa guda daga doguwar waƙa ya maimaita wa aji sau goma, ko ya jera yadda Basakkwace da Bakano da Badamagare ke furta kalma ɗaya. Aikin da a 1960 sai mai Nagra da ɗakin rediyo, yau ɗalibi na yin sa a ɗakin kwanansa. Amma kowane gyara yana da abin da yake ci.

Yanka yakan ci shiru da jinkiri, alhali jinkirin dattijo kafin ya ambaci wani suna shaida ne. Haɗi yakan ci kiɗa: wanda ya kwantar da kalangu ko kotso don kalmomi su fito, ya manta cewa gangar ma magana take yi, tana da takenta. Rage shuu, in ya yi yawa, yakan tafi da sautuka marasa ƙarfi irin su s da sh da f, ya bar murya tana ƙugi kamar daga ƙarƙashin ruwa. Carar zakara da sautin daka da amsar yara, waɗanda ɗalibi ke ɗauka datti ne, su ne ke gaya mana wuri da lokaci da waɗanda aka yi wa maganar. Mayar da murya MP3 kuwa yakan zubar da wani ɓangare na sautin don fayil ya ƙanƙance, abin da ya zuba kuma ba ya dawowa. Har sababbin dabarun nan masu raba muryar mawaƙi da kiɗa daga tsohuwar ɗauka, kintace suke yi, ba su san abin da makirufo bai rarrabe ba.

Ƙungiyar taskokin sauti ta duniya, IASA, wadda aka kafa a 1969, ta shimfiɗa ƙa'ida a kan wannan: a juye tsohon tef ko kaset yadda yake, ba gyara, a fayil irin na WAV, da awo aƙalla sau 48,000 cikin daƙiƙa, kana a yi duk wani gyara a kan kwafe dabam. A 2019 ita da UNESCO suka yi gargaɗi cewa na'urorin juya tef da kayan gyaransu suna ƙarewa. Duk kaset ɗin da aka juye da gyara, sa'an nan aka yar da shi, to gyaran ya zama shi ne tarihi.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Masu juyar littattafai da hannu a ƙasar Hausa sukan rubuta sunansu a ƙarshen aiki, wani lokaci har da ranar gamawa da sunan wanda aka yi wa juyin, in sun ga gyara kuma su sa shi a gefen shafi su bar matani yadda suka same shi. Abin da ake bukata ga mai tace murya ke nan. Ya ajiye uwar ɗauka wuri biyu, kada ya taɓa ta. Ya rubuta wanda ya yi magana, da wuri, da rana, da na'urar da aka yi amfani da ita. Ya rubuta kowane yanka da mintin da aka yi shi, da kowane gyara da gwargwadonsa. In ya kafa hujja da wata magana cikin rubutunsa, ya nuna mintinta a uwar ɗauka. Ya kuma nemi yardar mai muryar kafin ya sāke mata tsari, gama mutum yana da hakki a kan abin da za a ce ya faɗa.

Shawarar da wannan takarda ke bai wa sassan Hausa da kwalejojin horon malamai ita ce kada a karɓi tatacciyar murya daga ɗalibi sai tare da uwarta da takardar bayanin gyara, kuma a koyar da wannan tun a ranar da aka fara koya masa yanka. Dattawan da ake ɗaukar muryarsu yau, da yawansu ba za a same su ba sa'ad da wani zai zo ya tambaya ko haka suka ce.